Dabinon Inna a Bangon Awali

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga unguwar Ƙurban, a birnin Madina.

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Hauwa'u, wadda mutanen Awali suka sani da Mai Bango, wadda take kwance a maƙabartar Baƙi'a cikin maƙwabta na gari.

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da durƙuso har ƙasa, ina neman gafararki da na kama sunanki. Ban taɓa furta shi ba kina raye. Amma malamina ya ce wasiƙa ba ta tashi sai da sunan mai ita a kai, ni kuwa kin sani mutum ne mai bin ƙa'ida.

Ina mai sanar da ke, Inna, cewa da hannuna na yi wannan rubutu. Ba jikarki Maryam ce ta rubuta ba, ba kuma wani ne ya zauna ina faɗa yana sawa ba. Ɗanki Usmanu, wanda ya haura saba'in, wanda ya yi wakilcin gonar dabino har ya ajiye aiki ba a taɓa ɗaga masa murya ba, shi ne yau yake riƙe da alƙalami. Idan na gama zan sa ta a shafin da Maryam ta buɗe mini a jawwal, wato wayar hannu, inda jama'a daga nan har Kano da Damagaram suke bin abin da nake faɗa. Su karanta in sun so, amma da ke nake. Saboda su ne kawai zan maimaita wasu abubuwan da kin fi ni sani, ki yi haƙuri.

Dalilin wasiƙar shi ne wasiyyarki. Kin ce idan kika rasu, ni zan sauke miki dabinonki. Na daɗe ban samu hanya ba, da hanyar ta buɗe kuma sai na tarar cewa cika wasiyyar na nufin in sa farar ƙasa a kan aikinki ɗaya tilo da ya rage a duniya. Zan ba ki rahoton yadda aka yi daga tushe, kada ki gaggauta ni.

Na farko, ya kamata a san ko wace ce ke.

Kin taso daga ƙasar Hausa kina amarya, da ƙafa, bayan Baba, da niyyar hajji. Hanya ta riƙe ku shekaru a Sudan kuna noman auduga. A can, a wani ƙauye na bakin kogi, kika ga mata suna yi wa bangon gidajensu ado da launi, kika tsaya kina kallo har tuwonki ya kama. Kin sha gaya mana cewa ran nan Baba ya ci ƙanzo, kuma shi ne kaɗai kuɗin makarantar da kika taɓa biya.

Da kuka iso Madina, Baba ya samu aikin hawan dabino a wata gona a Awali, ke kuma kika fara da bangon ɗakinmu. Uwargidan mai gonar, wadda muke kira Sitti, ta shigo duba ki kina jego, ta ga bangon, ta manta abin da ya kawo ta. Daga gidanta labari ya bi gonaki. Kafin in yi wayo, babu wani gida mai daraja tsakanin Awali da Ƙuba da matansa ba su aiko jaki a ɗauke ki ba.

Ba ki taɓa sayen launi ba. Fari daga farar ƙasa, ja daga ƙasar kwarin da ke wajen Uhudu, baƙi daga gindin tukunya, shuɗi daga shunin wanki, ki haɗa kowanne da ƙaro har ya kama yatsa. Abin zanenki kuwa tsinken reshen dabino ne, ki daddaka bakinsa da dutse ya yi laushi kamar asuwaki. Da fentin gwangwani ya shigo gari aka kawo miki kyauta, kin shafa shi a bayan ƙofa, kika duba, kika ce wannan ƙyalli na mota ne, bango ba ya tafiya ko'ina.

Na biyu, ya kamata a san irin aikinki, domin masu cewa ado ne kawai ba su fahimta ba.

Ba ki zana mai rai ba, kin kiyaye wannan har ƙarshe. Amma kin zana mutane. Kowane mutumin gida dabino ne a bangonki. Sai kin zauna da mutanen gida kin sha gahawarsu kin ji faɗansu kafin ki ɗauki tsinke. Mai haƙuri ki yi shi dabino irin ajwa, gajere mai baƙin 'ya'ya. Mai faɗin rai ki yi shi ambara, dogo, 'ya'yansa manya, ganyensa yana taɓa na maƙwabci. Matar da ba ta riƙe magana ki yi ta rusana, wadda ake ci ɗanye tun ba ta bushe ba. Kowa ya shigo ya gane kansa, wani ya yi dariya, wani ya fita da fushi ya dawo gobe da baƙi yana nuna musu.

Na tuna mai gonar, mijin Sitti, ya tsaya gaban nasa yana ƙorafin cewa shi namiji ne, namijin dabino kuwa ba ya 'ya'ya, kowane manomi ya san haka. Kika amsa masa daga bayan mayafi, ba ki ko ajiye tsinke ba: “A bangona, duk mai ciyar da wani yana da 'ya'ya.” Tsohon ya yi shekaru yana maimaita wannan magana a majalisa kamar shi ya ƙirƙiro ta.

Kuma bangonki ba ya ƙarewa ranar da kika wanke hannu. In an haihu, a aiko miki ki sa ɗan tsiro a gindin uwar. In yaron ya yi aure, ki zo ki ɗaga shi ya zama cikakken dabino. In an yi rasuwa, bayan an tashi zaman makoki, ki zo ki sauke. Ma'anar saukewa, don masu karatu: ki rufe 'ya'yan da ke saman dabinon mamacin da farar ƙasa, itacen ya tsaya da ganye kawai, sannan ki zana kwandon kaba a gindinsa. Mutanen gida suna zaune a bayanki, kowa ya faɗi alheri ɗaya da ya ci daga mamacin, ke kuma duk wanda aka faɗa ki ɗiga ɗan dabino ɗaya a cikin kwandon. Na ga kwandon da ya cika ya zube. Na kuma ga wanda kika yi ta jira shiru, daga ƙarshe kika ce ai ya taɓa amsa miki sallama, kika sa masa guda don kada gida ya ji kunya.

Na uku, yadda aka yi baƙuwa irinki ta samu dabino a bangon Larabawa.

Shekarar da kika haife ni, Sitti ta haifi Hamza, nononta ya ƙafe. Kika sa mu mu biyu, ni dama shi hagu, har aka yaye mu. Daga nan ya zama ɗan'uwana na shayarwa, kika zama uwarsa a shari'a. Da kika zo yi wa babban ɗakinsu zane, Sitti ta rantse ba za ki fita ba sai kin sa kanki a ciki. Kika sa kanki a kusurwa, kusa da ƙofa, barni, dabinon talakawa mai jure ƙishi. Amma 'ya'yan da kika yi wa kanki, Inna, ban taɓa ganin ja irinsa a wani bango ba. Ina jin a nan kaɗai kika ɗan yi wa kanki son kai, kuma kin yi daidai. A gindinki kika sa tsiro biyu: Yaya Sa'a da ni. Hamza kika sa shi a gindin Sitti, amma kika karkato da shi wajenki.

Da Yaya Sa'a ta yi aure kin ɗaga ta. Da Hamza ya yi aure kin ɗaga shi, dabinon safawi siriri, yana nan a karkace. Da ni na yi aure na zo da sabuwar riga na tsaya, kika ce babu fili a kusurwa, bangon ma na mutane ne. Na nuna miki fili da yatsa. Kika ce, “Kai dai zauna nan inda nake ganinka.” Na ji haushi a lokacin, ba zan ɓoye ba, domin ko a shekarun nan ni ba ƙaramin mutum ba ne a gona.

Sai gari ya fara girma. Gonaki suka zama tituna, gidajen laka suka zama benaye. Duk lokacin da aka rushe wani bango naki, a zo a gaya miki kamar ta'aziyya, ke kuwa sai ki tambaya ko mutanen gidan suna lafiya. In an ce lafiya, ki ce to ai ba a rushe komai ba. Kafin ki kwanta ciwo, bangon Sitti kaɗai ya rage.

A mustashfa, a gadon asibiti, kika ba ni wasiyyar. Na ce miki hannuna na igiya ne da lauje, bai san tsinke ba, ki ba Yaya Sa'a da ta iya haɗa launi. Kika ce Sa'a za ta yi kuka ta jiƙa bangon. “Kai ne mai taurin kai. Ka sauke mini, kada a bar ni tsaye da kaya a kai.”

Ga abin da ya biyo baya. Kin tafi, ba da daɗewa ba tsohon mai gonar ya bi ki, magada suka kasa raba gado. Aka tara buhuna da tsofaffin injinan ruwa a babban ɗakin, aka sa kwaɗo, aka ce ba mai buɗewa sai an sasanta. Hamza yana aiki a Jidda. Duk zuwansa in tuna masa, ya dafa kafaɗata ya ce bukra insha Allahu ya akhuya, wato gobe in Allah Ya so, ɗan'uwana. Bukra ta yi ta haihuwar bukra har shekara talatin ta wuce. Sannan annobar nan da ta rufe masallatai ta ɗauke shi a can Jidda. Ba a yi masa zaman makoki ba, Inna. Ba a bari ba. Ta jawwal na yi wa iyalinsa gaisuwa, ni da na sha nono ɗaya da shi.

Bara aka gama rabon, gidan gonar ya faɗa hannun 'yarsa Hanan. Ba ki san ta ba sai tana goye. Yanzu malama ce a jami'a, mai nutsuwa, tana ce mini Ammi, wato baffa, tana sumbatar kaina kamar yadda ya dace da 'yar ɗan'uwa. Ita ta fasa kwaɗon. Da aka kwashe buhuna ta kira ni, ta ce in zo in ga wani abu.

Na je. Duhu da rufi sun adana ki, Inna. Launin yana nan kamar jiya kika wanke hannu. Sitti da kwandonta, tsohon da ambararsa, ke kuma a kusurwa kina tsaye da kayanki ja wur a kai. Na yi miki sallama a bayyane, ban ji kunyar ma'aikatan da ke wurin ba.

Nan take na gaya wa Hanan wasiyyar, na ce a samo mini farar ƙasa. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ƙi. Kuma zan yi mata adalci, ba ta ƙi don raini ba. Ta ce ta bincika gari duka ba ta sami wani bango naki ba, wannan ne kaɗai shaidar cewa wata mace ta yi irin wannan aiki a Madina. Za ta sa masa gilashi, ta buɗe ɗakin mutane su riƙa zuwa, ta rubuta sunanki a ƙofa. Ta ce jan da ke kusurwa shi ne mafi kyawun abin da ke bangon, in na rufe shi babu mai iya mayarwa. Ta ce in nemi duk abin da nake so a gonar, ban da wannan.

Na fita ban sha gahawarta ba. Wannan a wurina magana ce babba, ita ma ta gane.

A gida aka rabu biyu. Maryam ta goyi bayan Hanan. Kin san 'ya'yan yanzu, ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci. Ta ce a Baƙi'a babu suna a kan kabari, ita mace ba ta ma shiga, wannan jan shi ne kaɗai wurin da za ta tsaya ta ce ga kakata. Maganar ta shige ni, ba zan musa ba, domin ni kaina ina gane wurinki ne da kintace. Yaya Sa'a kuwa, da ke zaune a Aziziyya wurin ɗanta, ƙafa ta ƙi amma baki bai ƙi ba, ta ce wasiyya ba a yi mata gilashi. Sannan ta dube ni sama da ƙasa ta ce ko an ba ni bangon, da wane hannu zan zana kwando, ni da ko da'ira a ƙasa ban taɓa yi ta haɗu ba.

Wannan gori shi ya kai ni makaranta. Akwai Malam Isufu, mutumin Maraɗi, dattijo mai tsaron wani kantin kayan gini kusa da mu, ya taɓa koyarwa a ƙasarsu kafin neman abinci ya kawo shi nan. Na same shi na ce ya koya mini zanen kwando. Ya ce shi bai iya zane ba, amma hannun da ya saba da baƙi da wasali zai iya lanƙwasa kowane layi, in zo mu fara daga farko. Na ce ni ba yaro ba ne. Ya ce ai shi ya sa zan fi saurin ganewa. Na ga mutumin ya san darajar mutane, na zauna.

Kullum bayan la'asar ina kan benci a bakin kantin, masu sayen siminti suna tsallake ƙafata. Wata na farko yatsuna suka ƙi, alƙalami yana karyewa a hannuna kamar tsinken tsintsiya. Ban fasa ba. Na zo neman kwando, sai ga shi na tashi da karatu gaba ɗaya. Malam Isufu ya shaida a gaban mutane cewa bai taɓa samun ɗalibi mai zuwa kafin malami ba sai ni. A bayan kowane shafi kuma ina zana kwando. Na farkon sun yi kama da takalmi. Na kai wa Yaya Sa'a na ƙarshen, ta juya shi ta sake juyawa, ta ce to, ana iya zuba dabino a ciki ba zai zube ba. Daga bakinta wannan lambar yabo ce.

Hannu ya samu, saura bango. Ban je roƙo ba, Inna, kin san ba halina ba ne. Hanan ce ta aiko, ta ce ana shirin sa gilashi, tana son in zo in gaya mata ko wane dabino wane ne, don a rubuta wa masu ziyara. Na ga wannan hakkinki ne, na sa babbar riga na je.

Na bi mata bangon daga dama, ɗaya bayan ɗaya, da sunansa da halinsa da dalilin da kika ba shi irin da kika ba shi. Ta yi dariya a kan ambarar kakanta. A kwandon Sitti ta tsaya ta tambaye ni yadda ake cika shi, na ba ta labarin ranar: yadda mata suka cika ɗakin, yadda wata tsohuwa ta ce Sitti ta ba ta mayafi a shekarar sanyi, yadda aka fara da kuka aka ƙare da dariya, kina ta ɗigawa har kwandon ya yi tozo. Daga nan muka zo kan safawi siriri mai karkata. Na ce wannan babanki ne. Na ce ya karkata ne don nono yana ta wannan gefen.

Ba ta rubuta ba. Ta daɗe tana kallon 'ya'yan da ke kansa, cikakku, ba wanda ya taɓa su. Ni ban kawo ta nan da dabara ba, layi ne ya kawo mu. Can ta ce, da ƙaramar murya, su ba wanda ya zo musu zaman makoki. Ba wanda ya faɗi komai a kansa a gabansu, sai saƙonni a jawwal. Na ce na sani, 'yata. Muka rufe ɗakin muka fito.

Bayan mako biyu ta zo Ƙurban da kanta, ta zauna a tabarma ba a kujera ba. Ta ce za ta kawo mai hoto ya ɗauki bangon yadda yake, babba, a rataye a ɗakin kusa, don Maryam da masu zuwa bayanta. Bayan haka gilashi zai jira. Sannan ta ce, “Ammi, in ka sauke wa kakata, za ka sauke wa babana?” Kakata ta ce, Inna. Ke take nufi.

Na ce wasiyyar guda aka ba ni, amma ɗan'uwa ba ya bukatar wasiyya.

Ranar Asabar da hantsi aka yi. An kawo Yaya Sa'a a keken marasa lafiya, ita ta haɗa launi, tana ɗanɗana ƙaro da harshe tana yi wa kowa tsawa. Jar ƙasar ni na je na ɗebo ta da kaina, ko da yake sai da na zagaya bayan gine-gine kafin in sami inda ba a shimfiɗa kwalta ba. Tsinken na yanko shi daga barnin da ke bakin rijiya. Ɗakin ya cika: dangin Hamza daga Jidda, tsofaffin ma'aikatan gonaki, matan unguwarmu da kika yi wa bango suna amare, yanzu kowace da sanda. Malam Isufu ya rufe kanti ya zo ganin aikin ɗalibinsa.

Na ce da Hamza zan fara. Yaya Sa'a ta ce ai Inna ta riga shi tafiya. Na ce na sani, amma hannu sabo dole ya yi rawa a karon farko, kuma mutumin da ya shanye mini rabin nono shi ya kamata ya ɗauki rawar. Ɗaki ya yi dariya, har Hanan da hawayenta. Kuma haka aka yi: kwandon Hamza ya fito a karkace kamar mai shi. Ya cika, Inna. Direbansa na Jidda kaɗai ya sa na ɗiga sau da yawa har na ce ya bar wa wasu wuri. Hanan ce ta rufe, abin da ta faɗa kuma na gida ne, ba na shafi ba.

Sannan na juya kusurwa.

Na hau dabino fiye da yadda zan iya tunawa, cikin iska da zafin rana, ban taɓa jin tsoron hawa ba sai a kan 'yar kujerar da na taka a kusurwar nan. Na tsoma tsinke a farar ƙasa na ɗaga, jan yana kallona. A nan na gane cewa duk shekarun nan da nake zuwa bakin kwaɗo ina faɗa, wani ɓangare na zuciyata yana jin daɗin cewa kina ciki a tsaye da 'ya'yanki, ba a gama ba. Yaya Sa'a ta ce daga bayana, a hankali, ba da tsawa ba: Usmanu, ta gaji. Na yi bisimilla na shafa.

Sau uku na bi kafin jan ya ɓuya. Kin haɗa shi da kyau.

Kwandonki ya fi na Hamza daidaito, kowa ya shaida. Aka fara faɗa. Wata ta ce kin kwana uku a gidanta ranar da ta yi ɓari. Wani tsoho ya ce kin zana shi ajwa alhali ya san shi ba mai haƙuri ba ne, kunyar bangon ta sa ya koya. Yaya Sa'a ta yi kukan da kika ce za ta yi, amma daga nesa, bango bai jiƙe ba. Maryam ta matso, ta buɗe baki da Hausa, Hausar da ban san tana da ita ba, ta ce kin ba ta uba. Kwando ya cika, na ci gaba da ɗigawa a ƙasa gefensa, har jan ya kewaye gindinki. Da na ja da baya na duba, sai na ga jan bai bar kusurwar ba. Saukowa ya yi.

Na san cikin masu karanta wannan akwai waɗanda za su ce tsoho ya ɓata kayan tarihi. Su faɗa. Hoton yana nan ga mai son ganin yadda yake a da. Ni na san mai bangon, na kuma san ba ta yi shi don a tsaya nesa a yaba ba. Hanan ma ta ce gilashin da za a sa mai buɗewa ne, domin akwai jikoki da ba a sa ba tukuna, Maryam kuma ta fara zuwa Aziziyya koyon haɗa launi tana shan tsawa. Sunanki yana ƙofa da Larabci, a ƙarƙashinsa kuma da Hausa, rubutun hannuna. Layin ya miƙe.

Saura abu guda. Da aka gama, Hanan ta nuna ɗan tsiron da ke gindinki, ta ce yanzu tsinke yana hannuna, ga fili, in ɗaga kaina, ai na daɗe da cancanta. Gaskiya ta faɗa, na cancanta. Na tsoma tsinken ma. Sai na duba na ga kwandon da na zana ya zo daidai gefena, kusa ƙwarai, inda ɗan ƙaramin hannu zai iya kaiwa. Na ɗiga nawa ɗan dabinon, na ƙarshe, a tsakanin kwandon da tsiron, ban faɗi ko na mene ne ba. Na wanke tsinke.

Don haka ina nan inda kika bar ni, Inna, da furfurata da jikokina da karatuna: ganye uku, a gindinki. Ba ni da 'ya'ya a kai, ba zan wahalar da kowa da saukewa ba.

Allah Ya sauke miki duk wani nauyi kamar yadda aka sauke wannan. Ya sanyaya makwancinki, Ya yalwata shi, Ya cika mizaninki fiye da yadda kwandonki ya cika. Ya gafarta wa Baba, da Sitti da mijinta, da ɗan'uwana Hamza, Ya ba Yaya Sa'a lafiyar ƙafa, Ya yi wa Hanan da Maryam albarka. Ya sa in nawa lokacin ya zo a sami mini wuri a Baƙi'a, ko da a kusurwa ne, inda kike ganina. Amin.

Wassalam.

Ɗanki mai biyayya, wanda ya cika aike,
Usmanu, da hannunsa.